Yawon ganin gine-ginen Jami'ar Ibadan: jagoran ya fi kamfaninsa

A watan Mayu wani aiki ya kai ni Ibadan, na sauka a unguwar Sabo a gidan kawuna, wanda ya shafe sama da shekara arba'in a garin yana aikin birkila kafin ƙarfi ya fara ja baya ya bar wa 'ya'yansa sana'ar. A can ne wani maƙwabcinsa ya turo mini tallar wani ƙaramin kamfani a WhatsApp, wanda ke kai baƙi yawon ganin tsofaffin gine-ginen Jami'ar Ibadan da ƙafa, na tsawon awa uku, tare da jagora mai bayani da Turanci. Na tura musu kuɗin mutum biyu ta banki, domin na ga bai dace in je kallon gini in bar magini a gida ba, ko da yake kawu ya ce shi ya sha wucewa ta ƙofar jami'ar, bai taɓa jin an ce sai an biya kafin a kalli bango ba. Kuɗin mutum ɗaya bai kai na kwana guda a matsakaicin otal ba, kuma sun tabbatar mini da wurinmu cikin 'yan mintoci, tare da saƙon da ya ce a haɗu a babbar ƙofa ta wajen Agbowo da ƙarfe tara na safe.

Ra'ayina a taƙaice shi ne yawon ya ci kuɗinsa, amma albarkacin mutum ɗaya ne, wato jagoran da aka haɗa mu da shi, domin tsarin kamfanin kansa yana da gyara mai yawa. Mun iso kafin tara, mu goma sha ɗaya, muka tsaya a gefen titi har kusan goma saura kwata ba wanda ya kira ya ba da haƙuri, kuma lambar da ke jikin tallar ba a ɗauka. Daga baya ne muka ji cewa jagoran da aka sa wa aikin tun farko bai samu zuwa ba, sai da safiyar aka nemo wani. Wanda aka nemo ɗin matashi ne da ya karanta tarihi a jami'ar, mai sanyin murya, kuma abu na farko da ya yi shi ne ya russuna ya gaishe da kawu da ɗan guntun Hausar da ya tsinta a kasuwa, ya kira shi Baba, ya tambaye shi ko zai iya doguwar tafiya. Wannan ladabin ya rage mana haushin jira.

Ya fara bayaninsa ne muna tafe a kan titin da ya miƙe daga ƙofa zuwa tsakiyar jami'ar, kuma ya yi dabarar da ta burge ni, wato ya ɗaure kowace shekara a jikin wani abu da ido ke gani. Ya ce a fara da ƙasar da muke takawa: sarakuna da mutanen Ibadan ne suka ba da ita haya na shekara 999, fili mai faɗin sama da hekta dubu. Makarantar ta soma aiki a watan Janairun 1948 da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, a matsayin kwalejin da ke ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma Kenneth Mellanby ne shugabanta na farko. A ranar 17 ga Nuwamba na wannan shekarar ne Sakataren Harkokin Mulkin Mallaka na Ingila, Arthur Creech Jones, ya yi saran farko a wannan fili, shi ya sa har yau jami'ar take ɗaukar ranar a matsayin ranar kafuwarta. Sai a 1962 ta zama jami'a mai cin gashin kanta, a hannun Kenneth Dike, ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta, kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya zama uban jami'ar na farko.

Waɗanda suka zana yawancin gine-ginen farko mata da miji ne 'yan Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew. Fry ya yi aiki da Walter Gropius, shahararren mai zanen gini ɗan Jamus, a Landan a shekarun 1930, yaƙin duniya na biyu ya kawo shi Afirka ta Yamma a cikin injiniyoyin soja, daga baya shi da matarsa suka zama masu ba gwamnatin mulkin mallaka shawara kan tsara garuruwa, suka kuma zana makarantu da dama a ƙasar da ake kira Gana a yau. Ana cikin aikin Ibadan, a 1951, suka tafi Indiya suka haɗu da wani fitaccen mai zanen gini, Le Corbusier, wajen gina birnin Candigar. Jagoran ya faɗi wannan duka cikin minti biyar bai tsawaita ba, sannan ya ce mu manta da sunayen na ɗan lokaci mu lura da abu biyu kawai a duk inda muka tsaya: daga ina rana take dukan ginin, kuma ta ina iska take shiga. Wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani a cikin awa ukun.

A hasumiyar agogo da babban zauren taro na Trenchard ba mu daɗe ba, kuma ban ga laifin haka ba, domin wurin hoto ne fiye da wurin nazari. Abin da na riƙe shi ne labarin sunan. Kamfanin kasuwanci na Turawan Ingila, United Africa Company (UAC), ne ya ba da kuɗin gina zauren, aka sa masa sunan shugaban kamfanin na lokacin, Hugh Trenchard, wanda Ingila ke tunawa da shi a matsayin uban rundunar sojan samanta. Sai dai kafin duk wannan, a farkon ƙarni na ashirin, hafsa ne a rundunar Turawa ta Kudancin Najeriya, ya jagoranci hare-haren da aka murƙushe garuruwa da su. Jagoran ya faɗi wannan a fili ba tare da ɗaga murya ba, ya ce a cikin zauren da ke ɗauke da sunan wannan mutum ne aka riƙa miƙa wa 'yan ƙasa takardun digiri, daga nan ya yi gaba ya bar kowa da tunaninsa. Na ji daɗin da bai yi mana huɗuba a kai ba.

Inda yawon ya kai matuƙa shi ne gaban babban ɗakin karatu, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Kenneth Dike. Dogon gini ne mai hawa da yawa, siriri, wanda aka miƙar da tsawonsa daga gabas zuwa yamma, ta yadda faffaɗan fuskokinsa biyu suke kallon kudu da arewa. Jagoran ya tsayar da mu a inuwa ya zana dalilin a ƙasa da tsinke. Ibadan tana kusa da tsakiyar duniya, kimanin digiri bakwai arewa da layin da ya raba ta biyu, saboda haka da tsakar rana rana tana kusan bisa kai, kuma ɗan rufin da ya fito kaɗan ya isa ya tare ta daga bangon kudu ko na arewa. Ranar da ke wahalar tarewa ita ce ta hantsi da ta la'asar, wadda take shigowa a kwance daga gabas da yamma, shi ya sa aka ba waɗannan ɓangarori gajerun bango kusan marasa taga. Iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take tasowa, daga wajen teku, sai ta sami faffaɗar fuskar ginin a buɗe, ta ratsa shi ta fita ta ɗaya gefen, tun da ginin ba shi da kaurin da zai riƙe ta.

Fuskar kanta ba bango ba ce irin wanda muka saba da shi. Raga ce ta kankare, mai huda-huda cikin tsari, daga ƙasa har sama, wadda take tace haske ta bar iska, a bayanta kuma akwai ɗan sarari kafin a kai ga ɗakunan karatu, don kada feshin ruwan sama ya isa ga littattafai. A nan ne kawu, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya matsa kusa ya shafa gefen ɗaya daga cikin ramukan da babban yatsansa, ya ƙwanƙwasa da zobensa ya saurara. Sai ya yafito ni ya ce, "Zo nan, ɗan nan, ka taɓa ka ji. Wannan ɗaya bayan ɗaya aka zuba su a akwatin katako, aka bar su suka sha ruwa suka yi ƙarfi, sannan aka ɗora. Wanda ya kwaɓa wannan bai ci amanar siminti ba." Na ce, "Kawu, ta yaya ka gane?" Ya ce in dubi kusurwoyin, shekara kusan saba'in suna shan ruwan Ibadan amma ba su marmashe ba, sai baƙin da danshi ya sa musu kawai. Da na fassara wa jagoran, sai ya ciro waya ya rubuta, ya kuma roƙi kawu ya nuna masa yadda ake gane inda aka haɗa guda biyu. Jagoran da zai tsaya ya koya daga baƙonsa a gaban sauran baƙi ba a samunsa kullum.

Ga mutumin da ya taso a Kano ko Zariya, wannan gini yana juya duk abin da ya sani game da guje wa zafi. Magininmu na gargajiya yana yaƙi ne da rana mai ƙuna da busasshiyar iska da ƙurar hunturu, saboda haka yake ɗora katanga mai kauri ta tubali, ya rage taga ta zama 'yar ƙarama can sama, ya yi rufin soro da azara, domin ƙasa ta shanye zafin yini ta hana shi shiga, sai dare ya yi sanyi ta sake shi a hankali. A Ibadan dare ba ya yin sanyin da zai sauke wa katanga zafinta, kuma abin da ke damun mutum shi ne gumin da ba ya bushewa idan iska ba ta motsi. Wanda ya gina soro a can ya gina wa kansa tukunya. Jagoran bai san ginin Hausa sosai ba, bai kuma yi da'awar sani ba, amma tambayoyinsa biyu na rana da iska su suka sa na ga cewa maginin soro da mai zanen wannan raga matsala ɗaya suke warwarewa, yanayin ƙasa ne ya raba amsoshinsu.

Sai dai a nan ne kuma kamfanin ya fi ba ni kunya. Tallarsu ta ce za a shiga cikin ɗakin karatun, alhali ba su rubuta takardar neman izini ba, kuma kowa ya san ɗakin karatun jami'a ba kasuwa ba ce da ayarin baƙi zai faɗa kai tsaye. Muka tsaya a waje muna leƙe. Abin ya yi mini ciwo musamman saboda wannan ɗakin karatu yana cikin wuraren farko a Najeriya da suka fara tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na hannu tun shekarun 1950, ciki har da na malaman Daular Usmaniyya, kuma a wannan jami'a ne John Hunwick, wani Bature masanin tarihin Musulunci a Afirka, ya kafa cibiyar adana irin waɗannan takardu a 1964. Ban sa ran za a buɗe mini akwatunan ba, amma ko tsayuwar minti goma a cikin ɗakin, mutum ya ji da fatarsa ko iskar da aka yi ta bayani tana ratsawa da gaske, ita ce hujjar duk maganar da aka yi a waje. Jagoran ya ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba, kuma har na baro garin kamfanin bai amsa saƙon da na tura masa a kan wannan ba.

Daga nan muka nufi gidajen kwanan ɗalibai, inda hadari ya taso ya kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gargaɗe mu da mu zo da lema, ga shi damina ce, amma ruwan ya yi mana rana ta wani gefen, domin ya nuna mana amfanin rumfunan da suka haɗa wani ɓangare da wani. Muka tsaya a ƙarƙashin wata doguwar baranda muna kallon ruwa yana zuba daga bakin rufi can nesa da bango, iska mai sanyi tana ratsa mu, ba tare da ɗigo ya taɓa ƙofar ɗaki ko ɗaya ba. Gidan Mellanby shi ne na farko, an buɗe shi a 1952, sai na Tedder, mai sunan babban hafsan sojan saman Ingila kuma uban Jami'ar Kambrij da ya buɗe mazaunin jami'ar na dindindin a wannan shekarar. Na Kuti yana tunawa da Rabaran Israel Ransome-Kuti, shugaban farko na ƙungiyar malaman Najeriya, wanda ya zauna a kwamitin Elliot da ya ba da shawarar kafa kwalejin. Na mata kuma an sa masa sunan Sarauniya Elizabeth, wadda ta ziyarci wurin a 1956. Tsarinsu iri ɗaya ne, layin ɗakuna mai kaurin ɗaki guda da baranda a gefe, sai dai adon kankaren da ke jikin barandar yana sauyawa daga gida zuwa gida, kuma jagoran ya sa muka riƙa gane kowane gida ta adonsa kamar yadda ake gane gari ta ɗinkin hula.

Na roƙe shi mu ɗan daɗe a gidan Sultan Bello, ya kuwa amince duk da lokaci ya ƙure. An sa masa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, kuma tattaɓa kunnensa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ne ya buɗe shi a 1962. Ɗakin cin abincinsa yana da rufi mai tulluwa ta kankare, kuma kawu ya daɗe yana ɗaga kai yana lissafin yawan katakon da aka kafa a ƙarƙashi kafin a zuba ta. Wata baƙuwa a cikinmu ta tambaya ko an yi tulluwar ne don a kwaikwayi masallatan Arewa saboda sunan da ginin ke ɗauke da shi, jagoran ya ce shi bai ga wata takarda da ta nuna haka ba, don haka ba zai faɗa ba. Da wani ne da ya amsa da i don ya faranta mata. Ya kuma ambaci cewa kafin a buɗe jami'a a Zariya a 1962 nan ne 'yan Arewa da yawa suka zo neman digiri, irin su Malam Adamu Ciroma da ya karanta tarihi, da Farfesa Jibril Aminu da ya karanta likitanci.

Akwai abu biyu da nake ganin bayaninsa ya gaza a kansu, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, ya yabi yalwar ɗakunan da filayen da ke tsakaninsu ba tare da ya ce wa aka yi wa wannan yalwar ba. An tsara gidajen ne a kan salon tsofaffin jami'o'in Ingila, inda ɗalibi ke da ɗakinsa shi kaɗai, ana dafa masa ana yi masa wanki, domin manufar ita ce a horar da 'yan tsiraru da za su gaji kujerun Turawa. Ginin da aka auna iskarsa da mutum ɗaya a ɗaki ba zai yi aiki yadda aka so ba idan yawan masu neman ilimi ya ninka sau da yawa, kamar yadda ya faru a duk jami'o'in ƙasar nan, kuma wannan tambaya ce ta zanen gini kamar yadda take ta siyasa. Na biyu, a cikin awa uku mun ji sunayen Turawa fiye da goma, amma ba a yi ko jimla ɗaya a kan kafintocin da suka sassaƙa akwatunan zuba ragar ba, ko birkilolin da suka jera ta, ko leburorin da suka hau da kankare a kwano bisa kai. Kawu ne ya fara lura da haka, ya ce mini a hankali, "Ɗan nan, duk Turawan nan da ake kira, wanne ne a cikinsu ya ɗauki kwano?" Ba lallai ne a sami sunayensu ba, amma yadda aka yi aikin da hannu abu ne da ake iya nunawa a jikin bangon, kuma shi ne zai fi jan hankalin irinmu.

Ragowar tafiyar gudu-gudu aka yi ta, saboda mintocin da aka ci mana da safe ba a mayar mana da su ba. Mun leƙa cocin Furotesta da George Pace, wani mai zanen coci-coci daga birnin Yok, ya zana, inda aikin sassaƙar Ben Enwonwu, shahararren mai sassaƙa ɗan Najeriya, yake, muka hangi babban masallacin jami'ar ba tare da an ce komai a kan gininsa ba, gidajen kwanan da aka gina bayan samun 'yancin kai kuma, irin su na Independence da na Nnamdi Azikiwe, da yatsa kawai aka nuna mana wajensu. Takardar da aka raba mana shafi ɗaya ce mai dusasshen hoto, babu taswira a jiki, alhali taswira mai nuna gabas da yamma ita ce abin da irin wannan yawo ya fi buƙata. Ba a sa lokacin hutu a tsarin ba, ba a tanadi ruwan sha ba, kuma da ba don mun kai azahar kusa da masallaci ba da sai mun ɓalle daga ayarin.

Wanda ke karatun zanen gini ko injiniya, ko magini, ko mai shirin gina makaranta ko asibiti da ba zai dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, zai fita da abin da zai yi aiki da shi. Mai neman wurin ɗaukar hoto kawai ba ya buƙatar jagora. Duk mai niyyar zuwa ya sa kamfanin ya tabbatar masa a rubuce cewa an nemi izinin shiga ɗakin karatu kafin ya tura kuɗi, ya tambayi wanda zai jagorance shi, ya sa takalmin tafiya, ya riƙe ruwansa da lemarsa, domin tsakanin wasu gine-ginen akwai 'yar tazara da hawa da gangara, kuma ba a yi wa tsofaffi ko masu keken guragu wani tanadi a tsarin yawon ba. Ina kuma ba da shawarar a je da damina, duk da haɗarin jiƙewa, tun da don ruwa da iskar wannan lokaci aka zana gine-ginen. Kawu ya ce shi zai koma ranar wata Asabar da ƙaramin ɗansa da tef ɗin awo, yana so ya auna faɗin ramukan ragar nan, domin akwai wani shago da ɗan zai gina a unguwar Ojoo wanda mai shi yake kukan zafi tun ba a aza harsashi ba.